Inabi Mara Ƙwallo: Wa Ke Riƙe da Reshen?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son karatu a tsanake.

Yau maganar inabi za mu yi, wanda ba shi da ƙwallo a ciki. Duk mai bi ta PZ ko bakin kasuwar Sabon Gari ko Kwangila ya san shi. Ana jera shi a 'yar roba mai murfi, wani kore-kore, wani ja, kuɗinsa kuma ba na wasa ba. In lokaci ya yi, za ka ga na gida a gefensa, mai duhun launi, da ƙwallonsa da ɗan tsaminsa. Tambayar da ake yawan yi ita ce: tunda babu ƙwallo, da me aka shuka shi? Daga nan sai zance ya rabu. Wani ya ce GMO ne. Wani ya ce abin da bai haifi iri ba, ai mai cinsa ma haihuwa za ta gagare shi. Ita tambayar farkon tana da kyau ƙwarai, kuma amsarta tana ɗauke da tarihin da ya shafe mu kai tsaye a nan Zariya.

Mu fara da sunan. Inabi kalmar Larabci ce, haka ma zabibi, wato busasshensa. Bahaushe ya san sunan a allo tun kafin ya ga itacen. Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama, har da ƙissar mai gonaki biyu a Suratul Kahfi. A Sira kuma mun karanta yadda wani bawa mai suna Addasu ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi a wani lambu, ranar da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi. To a wannan yankin na duniya, tsakanin Turkiyya da Iran da maƙwabtansu, dubban shekaru ke nan ana noman inabi. A can ne, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, aka samu wani itace da 'ya'yansa suka fito babu ƙwallo. Mutanen Iran suna ce masa Kishmish, wasu su ce Sultana ko Sultanina. A ƙarni na 19 busasshensa ake lodawa a jiragen ruwa daga Izmir zuwa Ingila.

Abin da ke faruwa a cikinsa shi ne: furen yana samun barbara kamar kowane fure, ƙwallon ma yakan fara ginuwa, sai bayan 'yan makonni ya tsaya cak. In ka raba ƙwaya ɗaya da farce ka duba da kyau, za ka ga wani ɗan abu fari mai laushi a tsakiya. Ragowar ƙwallon ke nan da bai ƙarasa ba. A 2018 masu bincike a Sifaniya suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya ne tak a wata ƙwayar gado ta itacen ya jawo haka. Sauyi ne da ya zo da kansa cikin ikon Allah, kamar yadda akuya baƙa kan haifi farin ɗa.

To da me ake shuka shi? Da reshe. Kun ga rogo, kun ga rake, kun ga dankalin Hausa. Waye ya taɓa neman 'ya'yan rogo zai yi shuka? Sanda ake yanka a binne. Ayabar da muke ci tun muna yara ita ma babu iri a cikinta, ɗiyarta ake cirewa a dasa, kuma ba mu ga ta rage wa kowa zuri'a ba. Haka inabin nan yake. Wani manomi da tarihi bai riƙe sunansa ba ya lura da itacen, ya yanki reshe ya dasa, ya ba maƙwabcinsa, shi ma ya ba wani. Ma'ana duk itacen Sultana da ke duniya yau gutsuren wancan na farkon ne, yana ta tafiya daga hannu zuwa hannu. Ku riƙe wannan, don a kansa sauran labarin ya ginu.

A 1872 wani Bature haifaffen Ingila mai suna William Thompson, da ke noma kusa da Yuba City a Kalifoniya, ya yi odar rassan inabi daga wani gidan renon itatuwa a Rochester ta jihar New York. A cikinsu akwai wannan. Ya aura shi a kan itacen da yake da shi, irin yadda muke yi wa mangwaro aure. A 1875 ya kai 'ya'yan wajen baje kolin amfanin gona a Marysville, mutane suka ɗanɗana suka ji babu abin tofarwa. Wani maƙwabcinsa, John Onstott, ya karɓi rassa ya yawaita su, ya riƙa sayarwa har kwarin San Joaquin. Daga nan sunan ya koma Thompson Seedless, wato mara ƙwallo na Thompson. Mutumin bai ƙirƙiri komai ba, reshe ya samu ya kula da shi, amma da sunansa rabin duniya ke kiran abin da manoman Gabas suka rena tun kaka da kakanni. Ku kuma duba lissafi: abincin GMO na farko da aka fara sayarwa a kasuwa wani tumatir ne, a Amurka, a 1994. Tsakaninsa da gonar Thompson shekara 122. Muhawarar GMO tana da gurbinta, don a nan Samaru ma aka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, kuma za mu iya zama a kanta wata rana. Amma inabi mara ƙwallo ba ya cikin wannan shari'ar.

Yanzu ga halayensa. Launinsa kore ne mai haske, in ya nuna sosai ya koma ruwan zinare. Ƙwayar doguwa ce kaɗan kamar ƙaramin ƙwai, fatarta siririya, zaƙinta tsantsa babu wani ƙamshi mai ƙarfi. Gungunsa babba ne, mai faɗi a sama da tsini a ƙasa. Saboda siririyar fata da yawan sukari yana saurin bushewa, shi ya sa ya zama sarkin zabibi, kusan kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe. Itacen yana da ƙarfin yaɗo, sai an yi masa rumfa mai ƙwari. Sannan yana da wata ɗabi'a: idanun da ke gindin reshe ba su cika ɗaukar 'ya'ya ba, don haka in za a yi masa aski sai a bar rassa dogaye masu ido goma sha wani abu. Manomin da ya datse shi gajere zai samu ganye kore shar, 'ya'ya kuwa sai dai ya gani a gonar wani. Ga shi ba ya shiri da ruwan sama lokacin nuna, ƙwayar fashewa take ta ruɓe, kuma cututtukan fumfuna suna kama ganyensa da sauri.

Akwai kuma wani sirri da masu saye ba su sani ba. In aka bar shi yadda Allah ya yi shi, ƙwayarsa ƙarama ce. Dalili kuwa, ƙwallo ne ke fitar da sinadarin da ke sa naman ɗan itace ya kumbura, shi kuma nasa ƙwallon ya tsaya a hanya. Maganin wannan daga gonar shinkafa ya fito. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, yana aiki a Taiwan kan wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawo na banza ta faɗi. Manoman Japan suna kiranta wawan tsiro. Ya gano wani ruwa ne fumfunar ke fitarwa yake jawo tsawon. Daga baya aka tace sinadarin aka sa masa suna jibarelin, aka kuma gane tsirrai da kansu suna yin irinsa. A ƙarshen shekarun 1950 masu bincike a Kalifoniya suka fara fesa shi a gungun Thompson, ƙwayar ta ninka girma. Haɗe da wannan ana rage yawan 'ya'yan da ke gungu da almakashi, wasu kuma su zagaye ɓawon itacen da wuƙa don abinci ya tsaya a sama wajen 'ya'yan. Kenan wannan manyan ƙwayoyin da kuke gani a roba aikin hannu ne da ilimi, kusan kowane gungu sai da mutum ya taɓa shi.

Jajayen kuma jikokinsa ne. Ma'aikatar gona ta Amurka, a tasharta ta Fresno, ta fitar da Flame Seedless a 1973, ja mai garas-garas da ke nuna da wuri. A 1989 ta fitar da Crimson Seedless, mai nuna a makare kuma mai jure doguwar tafiya. Barbara ce tsakanin iri da iri, a shuka dubbai a zaɓi ɗaya. A shekarun 1980 ma suka koyi ciro ɗan tayin ƙwallon kafin ya mutu, su rene shi a kwalba har ya zama itace. Mafi yawan inabi mara ƙwallo da ke kasuwannin duniya yau, in ka bi salsalarsa, wajen Sultana za ka tsaya.

To ina Zariya a wannan labarin? Ai mun taɓa ganin irinsa, da auduga. Jirgin ƙasa ya iso nan a 1911, Sabon Gari kuma a gefen layin dogo ta tashi, da ma'aikata da 'yan kasuwa da kantunan Turawa irin su Paterson Zochonis, wanda har yau unguwar PZ ke amsa sunansa. Abin da Turawa suka fi kwaɗayi a ƙasar Zazzau shi ne auduga don masaƙun Ingila. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurza a Zariya, amma audugarmu ta gargajiya gajeren zare gare ta, ba ta yi wa injinansu ba. A 1912 aka shigo da wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen. A 1922 aka fara aikin binciken noma a Samaru, wanda ya zama cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can aka yi shekaru ana tace Allen, ana zaɓen wanda ya fi dacewa da ƙasarmu da ruwanmu, har aka samu irin su Samaru 26C da 26J. Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, baƙon iri ba ya zama ɗan gida sai wani ya zauna ya yi masa aiki shekara da shekaru. Na biyu, manomi ba wawa ba ne. Da Turawa suka kai dogo Kano suna jiran auduga, manoma lissafi suka yi suka ga gyaɗa ta fi riba, ita suka cika jirgin da ita. Audugar ma da yawa masaƙan gida suka riƙa saye, don sun fi BCGA biya.

Yau in ka bar Samaru ka yi arewa kaɗan, za ka shiga ƙaramar hukumar Kudan, mai hedikwata a Hunkuyi. Nan ne gidan inabi a Najeriya. Jaridu da jami'an jihar Kaduna sukan ce mafi yawan wanda ake nomawa a ƙasar nan daga can yake fitowa. Kuma ba banza ba. A ƙasashen sanyi itacen inabi barci yake yi da hunturu, ya farka da bazara. A nan babu sanyin da zai sa shi barci, don haka manomi ne ke tsara masa lokaci: a yi masa aski, a zubar da ganye, a ba shi ruwa, ya tofo sabo. Daga aski zuwa girbi wata huɗu zuwa biyar ne. Samaru tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba. In aka yi aski a ƙarshen damina, 'ya'yan za su nuna cikin rani: rana tarwai, dare da sanyin hunturu, babu ruwan da zai fasa ƙwaya. Wannan kyauta ce da Legas ko Fatakwal ba su da ita. Matsalar tana damina, lokacin da fumfuna ke samun yadda take so, hadari kuma ya rufe ranar da idanun reshe ke buƙata don su ɗauki 'ya'yan baɗi. Iri mai laulayi irin Thompson a nan yake shan wuya.

Wasu ƙasashen masu zafi sun riga mu cin karo da wannan, kuma hanya biyu suka bi. A Indiya, jihar Maharashtra, manoma ne suka ja gaba. Tun wajen 1960 suka kafa ƙungiyarsu ta masu noman inabi. Suka daidaita aski biyu a shekara, ɗaya a Afrilu don gina rassa, ɗaya a Oktoba don 'ya'ya. Suka kuma sa ido a gonakinsu: in wani reshen Thompson ya fito da 'ya'ya dabam, sai a yanke shi a yawaita. Haka aka samu Tas-A-Ganesh a yankin Tasgaon, da Sonaka mai dogayen ƙwayoyi wanda manomi Nanasaheb Kale ya zaɓo a Solapur. Cibiyar binciken inabi ta gwamnati a Pune sai a 1997 ta zo, ta tarar da manoma sun yi nisa. Yau inabin Nashik har kantunan Turai.

A Birazil kuwa hukuma ce ta yi aikin. Garin Petrolina, a bakin kogin São Francisco, yana kusan digiri 9 kudu da tsakiyar duniya, mu Zariya muna 11 a arewa. Zafi ne da rani da noman ban-ruwa, kamar dai ka ce Kadawa. Sun gwada Thompson, bana ya yi, baɗi ya ƙi, ruwa ya sauka ya fasa. Sai hukumar binciken nomansu, Embrapa, ta zauna ta haɗa nata. A 2012 ta fitar da BRS Vitória: baƙi, mara ƙwallo, mai yawan ɗaukar 'ya'ya, mai ɗan jure fumfunar damina, ana girbinsa fiye da sau ɗaya a shekara. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu mu dawo kan abin da na ce ku riƙe. Mai gero in ya girbe, zai ware damin iri ya rataye, baɗi ba ya roƙon kowa. Mai inabi mara ƙwallo kuwa dole farkon gonarsa ta fito daga hannun wani. Wanda ke riƙe da reshe, shi ke riƙe da sana'ar. Thompson da Flame da Crimson na kowa ne, babu mai karɓar ko kwabo in ka dasa. Amma sababbin da suka fi tsada, irin Cotton Candy da wani kamfanin Kalifoniya ya fitar kasuwa a 2011, mallakar kamfani ne, sai da lasisi da biyan kuɗi. Najeriya ma ta sa hannu a dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri a 2021. Dokar za ta iya amfanar masananmu in sun fitar da nasu. In kuwa ba mu fitar da komai ba, mu ne masu biya.

Sannan reshe yana tafiya da cutarsa. Tunda duk itatuwan gutsuren abu ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya zai iya kama duka. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa ya shiga Faransa a jikin itatuwan da aka kawo daga Amurka, ya kusa share gonakin inabin Turai, sai da aka koma aura su a kan saiwar inabin Amurka. Mu ma iyayenmu ba su manta 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta share gonakin Arewa. Don haka mai ɗauko reshe daga waje a cikin jaka, ba tare da ya bi ta hukumar killace kayan noma ta NAQS ba, zai iya shigo wa duk Hunkuyi da bala'i yana ganin alheri ya kawo.

In kuma tsoron lafiya ake yi, ga inda ya kamata a kai shi: maganin feshi. Inabi yana shan feshi sosai, mai ƙwallo da mara ƙwallo duka. A 2010 Turai ta tsayar da kwantenonin inabin Indiya saboda ragowar wani sinadari, manoma suka tafka asara. Mu wa ke auna namu? Ku wanke inabi da ruwa mai tsabta kafin ci, na roba ne ko na faranti. Manomi kuma ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi, ya rufe jikinsa in zai yi feshi, musamman maganin da ake shafa wa ido don ya tofo, wanda ke ƙona fata.

Abu na ƙarshe, inabi ba mangwaro ba ne da za a tsinka ɗanye ya nuna a kwali. Ranar da aka yanke shi zaƙinsa ya tsaya. Wanda ke zuwa mana daga Afirka ta Kudu ko Masar a sanyi kusan na ƙanƙara yake tafiya, shi ya sa yake yin makonni. Na Kudan da ke nan bayan gida, in babu ɗakin sanyi, kwana kaɗan ne ya yi laushi, dole manomi ya sayar a farashin da dillali ya yanka.

To me ya rage mana? Binciken 'ya'yan itatuwa a ƙasar nan aikin cibiyar NIHORT ne, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. IAR da NAERLS da tsangayar noma ta ABU kuma suna Samaru, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba zuwa gonakin. Abin da za mu nema a bakin wakilanmu ƙarami ne kuma a fili yake: fili ɗaya na gwaji inda za a jera ire-iren inabi mara ƙwallo a ga wanda ya karɓi ƙasarmu, wurin renon rassa masu lafiya da manomi zai saya da tabbacin sunan abin da ya saya, da ɗakin sanyi ɗaya da ƙungiyar manoma za ta riƙe. Ɗalibai 'yan ajin ƙarshe a fannin noma, ga abin rubuta kundi a ƙofar gida: ku je ku ƙirga ire-iren da ake nomawa, ku rubuta ranar aski da ranar girbi, ku ji daga bakin dattawan da suka fara dashen yadda reshen farko ya zo hannunsu, tun suna raye. 'Ya'yan manoma kuma, in kun ga wani reshe a gonar Baba ya fito da 'ya'ya dabam da sauran, ku ɗaura masa ƙyalle ku sa masa ido. Haka aka samu Sultana, haka aka samu Sonaka.

A nan za mu dakata. Wanda ke da ɗan'uwa mai gonar inabi ya tura masa wannan, ya kuma ji abin da zai ce, don shi ne malamin. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Wassalamu alaikum.